Safa Ɗaya a Ƙofar Goggo

Ranar da aka sallamo Goggo daga asibiti, ƙaninta ya buga ƙusa a bangon ƙofar ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, ƙafarta ta dama naɗe da farin bandeji a kan matashi, tana jin bugun gudumar har cikin haƙoranta. Da ya gama sai ya rataye safar hannu a jiki. Ta roba ce mai kauri, ruwan ɗorawa, doguwa har gwiwar hannu, irin wadda mata ke wanke-wanke da ita.

"Yaya, kin ga wannan? Ba irin ta asibiti ba ce da ake sawa ta yage. Wannan sai ki warke ki bar ta da ranta."

"Auta, su can fa duk sawa sabuwa suke ɗauka. Suna gamawa sai kwandon shara."

"To ai ba daga aljihunsu take fita ba. Ki bar ni da su, ni ma na ga komai da idona."

Ya gani kam. Zirga-zirgar da ya yi a asibiti ta nuna masa cewa babu ma'aikacin da ke taɓa ciwon yayarsa da hannu haka nan, sai ya yanke wa kansa hukunci: safa garkuwar mai lafiya ce daga mara lafiya. A gida kuwa ga matarsa, ga babbar 'yarsa da ta zo zama da jaririnta saboda mijinta ya yi tafiyar aiki. Bai ga laifin mutum ya kare iyalinsa ba.

Goggo tela ce. A wannan ɗaki na ƙarshen gida take kwana, a nan kekenta yake, na takawa da ƙafa. Ciwon sukari ya kashe mata jin tafin ƙafa, har karyayyiyar allura ta shige babban yatsanta ba ta sani ba, sai da ya lalace aka cire shi. Likita ya ce an yi sa'a, ƙafar ta tsira. Amma ya ƙara da cewa sauran aikin yana hannun masu wanke ciwon. In ya zauna da tsabta, ana kuma kawo ta ana dubawa, za ta koma kan kekenta. In ƙazanta ta shiga, ciwon hawa zai yi, kuma irinsa in ya hau ba ya saukowa.

Washegari da hantsi matar ƙanin ta zo. Ta tsaya a ƙofa ta zura safar, ta ja numfashi kamar mai shirin nutso a ruwa, sannan ta ɗaga labule.

"Yaya, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Maman yara. Sannu da ɗawainiya."

"Ai dole ne. Wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski." Ta ƙyalƙyale da dariya. "Tun yaushe kike ɗinka mana kaya muna cewa an gode? Yau ga ranar askin ta zo."

Goggo ta taya ta dariyar, amma kalmar kuturu ta tsaya mata a rai.

Matar ƙanin mace ce mai tsari, ba ta son maimaita aiki. Ta fara da jawo fo daga ƙarƙashin gado, ta kai banɗaki ta zubar, ta ɗauraye. Ta dawo ta tsoma tsumma a bokiti ta goge ƙasa har bayan keke. Ta kwashe kwanon jiya. Daga nan, tunda a ganinta duk aikin ƙazanta ne, kuma cire safa a sake sawa ɓata lokaci ne, sai ta durƙusa ta warware bandejin. Ta yagi auduga da yatsun robar da ke ɗigar ruwan tsumma, ta tsiyaya ruwan wanke ciwo, ta shafa.

"Ba kya ɗan wanke ta tukuna?" in ji Goggo a hankali.

"Na tsoma ta a bokiti, ba ki gani ba?"

Da ta naɗe ƙafar ta fita, ta rataye safar da jiƙonta a ƙusa, daidai saman magudanar ruwan tsakar gida. Sai ta nufi famfo. Ta daɗe tana cuɗa hannunta da sabulu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu, ta ɗauraye ta sake cuɗawa. Goggo tana kwance tana jin zubar ruwan. Daga ranar, ƙarar famfon nan ta zama sallamar duk wanda ya fita daga ɗakinta.

Ranar komawa asibiti Goggo ta yi wanka da taimakon kujera, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna tana jira. Ta ji ƙarar makullin mota a tsakar gida.

"Auta! Yau ne fa suka ce a mayar da ni."

Ya leƙo daga bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Yaya, yau akwai taro a wurin aiki, in ban je ba sai an ci namana ɗanye. Kuma ke ba ki san asibiti ba ne? Ga masu tari, ga masu amai, duk a benci ɗaya. Mutum ya je da ciwonsa ya dawo da na wasu. Nan ya fi miki. Dubi ɗakin nan, ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

"Likita dai ya ce..."

"Za mu je. Ki bari in sami sarari."

Da sararin ya zo, mota tana wurin bakanike. Da mota ta dawo, aka yini ana ruwa. Bayan nan Goggo ta daina ɗaura ɗankwalin, shi ma ya daina neman dalili.

An ware mata kofi da cokali da kwano. Don kada su haɗu da na gida, matar ƙanin ta ɗauki jan zare daga cikin zarurrukan Goggo ta ɗaure a hannun kofin. Masu kawo ɗinki in sun yi sallama, daga ƙofar gida ake tare su. Goggo tana jiyo muryoyinsu, tana gane kowace, tana jin ana cewa, "Tana barci, za a gaya mata." Sai matar ta shigo ta zare yadin mai shi daga igiya ta miƙa mata. A hankali igiyar da ke cike da kayan mutane ta koma igiya kawai.

Babbar 'yar nan sunan Goggo aka sa mata, shi ya sa Goggo take ce mata Takwara. Kullum da yamma takan zo ta tsaya a bakin ƙofa da jaririn a kafaɗa.

"Takwara, miƙo mini mijin nan nawa in ji ko ya yi nauyi. Ko kin ƙwace mini shi ne?"

"Goggo ke nan. Abba ya ce a bari ki warke. Ga shi dai, kalle shi daga nan." Ta juyo da fuskar yaron. "Kai, ce wa matarka sannu. Ka ga rowa, ko murmushi ya ƙi."

"Ni ciwon ƙafa nake yi, Takwara, ba tari ba."

"Na sani, Goggo. Amma kin san jarirai."

Goggo ta ce ta sani. Ita ta goyi wannan da ke tsaye a ƙofa, ita ta ɗinka mata rigarta ta farko. Ta mayar da hannayen da ta miƙa ta ɗora a cinya. Takwara ko labulen ba ta taɓa ba, amma da ta juya sai Goggo ta ji famfo.

Ciwon bai yi zafi ba, shi ne mugun halinsa. Sai dai bakinsa ya yi ja, jan ya bazu ya rufe bayan ƙafa, idon sawu ya kumbura har fatar tana ƙyalli. Da la'asar sanyi yake kama ta ko da ana zufa. Sannan wari ya fara.

"Maman yara, kamar ruwan da ke fitowa ya canza launi ko?"

"Dattin ciki ne yake fita. Alamar warkewa ce."

Amma washegari ta zo da takunkumi a hanci, shi ma aka sama masa wuri a ƙusar. Aka rufe tagar ɗakin, saboda tsakar gida take kallo, a nan kuma ake shimfiɗa wa jariri. Aka ƙara yawan maganin goge ƙasa har idon Goggo yana yaji. Ƙanin ya biya kantin magani, ya yi wa mai kantin bayanin ƙafar da bai taɓa gani a buɗe ba, ya dawo da ƙwayoyi a leda ya ajiye a bakin ƙofa.

"Yaya, wannan mai ƙarfi ne. Safe da yamma. Kin ga ba mu zauna ba."

"Allah ya saka da alheri," in ji ta.

Wata rana bayan an ɗauke ruwa, magudanar tsakar gida ta toshe, ruwa ya kwanta har bakin ɗakin girki. Ranar hutu ce, ƙanin yana gida. Iska ta ɗage labule, Goggo tana ganinsa yana zungurar ramin da sanda, abin ya ƙi. Ya ɗaga kai ya ga ƙusa.

"Miƙo mini safar Yaya," ya ce wa matarsa. "Ai ta riga ta zama ta ƙazanta."

Ya zura hannu har gwiwa, ya riƙa zaƙulo baƙin taɓo da gashi da ruɓaɓɓen sauran abinci yana tarawa a gefe. Ruwa ya wuce da ƙara. Ya tara safar a bakin famfo ya ɗan ɗauraye ta, ya karkaɗe, ya mayar da ita wurinta yana jin daɗin aikinsa. Ba a jima ba matar ta zura ta, ta shigo da auduga.

Goggo ta ja ƙafarta da hannu biyu ta cusa a ƙarƙashin zani.

"Kada ki taɓa ni da wannan."

"Ikon Allah. Yaya, lafiya?"

"Na ga inda ta shiga yanzu."

"An wanke ta fa. To da me kike so in taɓa ki? Da hannuna?"

"Da hannunki. Ki wanke shi da sabulu yadda kike yi in kin fita daga nan. Wankin nan dai, ki yi shi kafin ki shigo. Sai ki taɓa ni."

Matar ta dubi ƙafar da ke ƙarƙashin zani, ta dubi hannunta a cikin roba.

"Yaya, ina da jika a gidan nan. Ni nake dama masa ruwa, ni nake yi masa wanka."

Ƙanin ya jiyo, ya zo ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Yaya, wace irin rigima ce wannan da girmanki? Baiwar Allah nan kullum tana durƙushe a gabanki, tana yi miki abin da ko 'yar cikinki..." Ya haɗiye sauran. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba. Ya gyara murya. "Ciwo ne yake sa ta faɗa. A bar ta. In ta huce ta kira."

Ba ta kira ba, su ma ba su tambaya ba. Matar ta ci gaba da zuwa da hantsi tana fitar da fo, tana goge ƙasa, tana gaisuwa cikin ladabi, idonta ba ya sauka a kan gado. Abinci yana zuwa a kan lokaci. Bandejin ya jiƙe, ya bushe, ya manne, ya sake jiƙewa. In an tambayi jikin Goggo a waje, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, sai dai taurin kai. Ta hana a wanke mata."

Sau ɗaya ta yi niyyar fita da kanta. Ta ji gidan shiru da rana, ta dafa teburin keke ta miƙe, tana tunanin in ta kai bakin titi ba za ta rasa mai taimako ba. Ƙafar ta yi mata nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Ɗakin ya juya. Ta koma kan gado tana haki, ta kwanta tana kallon silin, tana sauraron cokula a ɗakin girki da dariyar da ake yi wa jariri don ya koyi kifewa. Tsakaninta da su taku kaɗan ne.

Takwara ce ta lura kwanon rana yana nan a rufe inda aka ajiye shi. Ta ɗaga labule da gwiwar hannu. Goggo tana kwance idonta a buɗe, tana hira da mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa, tana ce mata ta riƙe mata bakin yadin kada ya karkace.

Motar haya aka kira, aka shimfiɗa leda a kujera. Ta gida ita ake ɗaukar jariri a ciki.

A asibiti sai da aka jiƙa bandejin aka yanka shi da almakashi. Likitar da ke aiki ranar mace ce. Ta duba ƙafar, ta danna ƙwauri da yatsa, ta bi jan da ido har inda ya tsaya. Ta fito ta sami ƙanin da matarsa a baranda.

"Wa yake wanke mata ciwon a gida?"

"Iyalina ce," in ji shi, har da ɗan gyara tsayuwa. "Kuma likita, ba mu yi wasa ba. Safarta daban, kofinta daban, ɗakin kullum sai an goge da magani. Duk wanda ya fito sai ya wanke hannu."

"Safa nawa?"

"Ɗaya ce, amma mai kyau ce."

"Kafin ta taɓa ciwon, me take taɓawa?"

Matar ta fara lissafawa da gaskiyarta, fo, tsumma, kwano, sai muryarta ta yi ƙasa ta tsaya.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ciwon nan ba ya kama kowa. Shi ne yake kama duk abin da aka kawo masa. Yanzu ya shiga ƙashi, ya fara shiga jini. In muna son ranta, sai mun cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma yau."

"Likita, mu dai mun yi iya ƙoƙarinmu," in ji ƙanin. "Ita ce ta hana a taɓa ta."

Ya sa hannu a takarda. Aka shiga da ita.

Bayan ta dawo hayyacinta, zazzaɓi ya sauka, ba ta yi kuka ba. Takan kalli inda bargo ya kwanta shafe a gefen dama, ta kau da kai. Wata safiya nas ta turo teburin kayan wanke ciwo, ta gaishe ta, ta wuce wurin famfon da ke kusurwa ta fara cuɗa hannu da sabulu. Goggo ta ji ƙarar ruwan, ta juyo ta dube ta.

"'Yata, ai ban taɓa ki ba tukuna."

Nas ɗin ta juyo tana tsane hannu. "Mama, don ke nake wankewa, ba don ni ba."

Ta dafa goshin Goggo da tafin hannunta, ta riƙe wuyan hannunta tana jin bugun jini, ta gyara mata ɗankwalin da ya zame. Sannan ta sake wanke hannu, ta ɓare sabuwar safa. Goggo ta juya fuska bango. Nas ɗin ta ɗauka zafin ciwo ne, ta riƙa cewa sannu, yanzu za a gama.

'Yan gida suna zuwa dubiya, ba su fasa ba. Sukan tsaya a ƙarshen gado da kwandon abinci. Ƙanin ya ba ta labari cewa an fitar da katifarta an ƙone, an yi wa ɗakin sabon fenti, duk don ta dawo ta sami wuri mai kyau. Keken kuma an matsar da shi rumfa, tunda yanzu sai dai ya tare mata hanya.

"Ni fa Yaya, na yi tunani," ya ce. "Cutar nan tun kwanciyarki ta farko kika ɗauko ta a nan. Ba na gaya miki halin asibiti ba? Mu a gida, ki duba, ko mura babu wanda ya yi. Har jariri. Kin ga amfanin tsari ke nan."

Matar tana ta gyara murfin kwano. Da za su tafi, ƙanin ya ja nas gefe ya tambaye ta a hankali ko yanzu da aka yanke, an rabu da abin da ke yaɗuwa.

Haka maganar ta zauna a unguwa. Ana cewa mutanen gidan nan sun yi jinya, ba kowa ne zai riƙe 'yar'uwa haka ba. Ana cewa matar ƙani ta yi abin da ba a samu a zamanin nan. Ana cewa tsohuwar ce da gardama. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya hana ta abinci, babu ranar da ba a gaishe ta ba. Gidan da aka fi ƙarar da sabulu a layin ke nan, kuma duk sabulun da aka ƙarar, ko kumfa ɗaya ba a yi dominta ba. Sun tsare kansu daga ciwon da ba ya neman su, ita kuma ba a sami wanda zai tsare ta daga su ba. Gidan kuwa shi ne dai inda za ta koma, don ba ta da wani.

Ranar sallama nas ta zo da kayan aiki a faranti.

"Mama, dungun nan sai an ci gaba da wanke shi a gida kafin ranar dawowa. Wa zan koya wa? Ina ƙanin naki?"

Yana baranda yana waya, ana jiyo muryarsa yana cewa yanzu zai iso. Matar ba ta zo ba, an ce ta tsaya da jariri.

"Ni za ki koya wa," in ji Goggo.

"Ke da kanki, Mama? Za ki iya?"

Goggo ta yaye bargo. Ta miƙa hannu, ya sauka a kan bandejin ba tare da ta sunkuya ba.

"Da yana can ƙasa, bayana ba ya lanƙwasuwa in kai gare shi. Yanzu sun matso mini da shi kusa." Ta naɗe hannun rigarta. "Miƙo sabulun."